Keken Lantarki da Ciwon Gwiwa

Masu ciwon gwiwa kan tambaye ni ko hawan keken lantarki motsa jiki ne. Ni dai nakan bi burtali da shi daga Samaru zuwa gindin Dutsen Kufena, kuma da gumi nake dawowa, domin injinsa ba ya aiki sai ƙafa tana juya feda. Wahalar hawan tudu yake ɗauke wa gwiwa.

Na fi son marar nauyi, mai wajen kilo 18. Batirinsa ƙarami ne, amma ranar da rashin wuta ya hana caji, ana iya tuƙa shi haka nan, har a ɗaga shi a tsallake kwazazzabo. Mai ciwon suga ya riƙe dabino a aljihu, don sukarin jini kan faɗi a hanya. Mai ciwon zuciya kuwa ya fara ganin likitansa a Shika.