Wata takwas ina wanke kejin karnuka a Badun

Wani ƙanenmu ɗan aji biyu ya tambaye ni yadda aka yi wani asibitin dabbobi a Legas ya ɗauke ni tun ban je bautar ƙasa ba, wai ko ina da wani babba a sama. Wallahi ba ni da kowa. Bari in ba da amsar a nan kowa ya ji.

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ASUU ta tafi yajin aiki, lokacin ina aji huɗu a sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Ibadan. An ce na gargaɗi ne, sati huɗu. Na lissafa kuɗin motar Funtuwa zuwa da dawowa, na ce gara in zauna. Sati huɗun nan shi ya zama wata takwas. Kullum ina Sabo, daga teburin mai shayi sai gardamar ƙwallo, har wani Bayarabe ɗan ajinmu ya ja ni gidan wata dattijuwa a bayan gari. Ita aikinta tattara karnuka da magunan da aka yasar, wasu mota ta buge, wasu masu su sun tashi sun bar su ɗaure. Ba albashi, sai amala da rana.

Ranar farko Mama ta miƙo min tsintsiya da bokiti. Ni da na haddace sunan kowane ƙashi a jikin kare! Sati uku ina kwasar kashi ina jin haushi, ban san karatu nake yi ba. Ciwon fabo, wanda ke sa 'yan kwikwiyo amai da gudawar jini, a aji shafi guda ne muka rubuta don jarrabawa. A can warinsa na sani. Ya kai da na shiga da safe hancina zai gaya min, in ware mai ciwon, in wanke wurin da bilic kafin ya kama sauran.

Akwai likitan da ke zuwa duk Asabar kyauta. Shi ya fara ba ni allura in nemo jijiya a ƙafar gaban wani kwikwiyo da ruwan jikinsa ya ƙare, don a yi masa ƙarin ruwa. Sau huɗu ina sokawa ina kuskurewa, hannuna na rawa. Likitan ya karɓa ya sa, amma da daddare kwikwiyon ya mutu. Ya ce ba laifina ba ne, an makara kawo shi. Har yau ban gama yarda ba. Zuwa watan Agusta dai da fitilar waya nake sa allurar nan idan an ɗauke wuta.

An cije ni sau ɗaya, kuma ni na jawo, na zo wa kare ta baya yana cin abinci. In ya same ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ka wuce asibiti a yi maka allurar haukan kare a ranar. Ciwon nan in ya bayyana a jiki, sai dai addu'a.

To, labari ya kai gida, wani ɗan garinmu a Sabo ya kai. Baba ya kira: "Karatun shekara shida nake biya maka don ka zama yaron kare?" Na ce Baba ku yi haƙuri, na tambayi malami, ya ce a Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne har da kare, abin kiyayewa jini ne da kashi da fitsarinsa. Kayan aikina daban, ina wanka in canza kafin salla. Ya yi shiru, ya ce Allah ya kyauta. Har yanzu in an tambaye shi cewa yake likitan shanu ne ɗansa, ni kuma ba na gyara masa.

Abin da ya ba ni aikin kuwa ko a raina ban kawo ba. Mama a guntayen takardu take rubuta magani, su ɓace. Sai na sayi babban littafi mai bango, kowace dabba da shafinta: ranar zuwa, nauyi, zafin jiki, maganin tsutsa da na kaska, ranar rigakafi. Ranar intabiyu mu uku ne, kuma biyun sun fi ni sakamako. Likitar ta daɗe tana duba hotunan littafin nan a wayata da wasiƙar da likitan Asabar ya rubuta min. Daga nan ta sa aka fito da wani ƙaton kare ta ce a auna zafin jikinsa. Abokan nawa suka ja da baya. Na karɓi bandeji na ɗaura masa takunkumi, na sa yaron asibitin ya riƙe kan, na auna.

Mu 'yan Arewa shanu da kaji muka sa a gaba, kuma zuwa kara a Akinyele yana da amfani, ni ma na je. Amma asibitocin birni karnuka da maguna ne ke cika su. Ba sai 'yan sashenmu kaɗai ba ma, wata 'yar aikin jarida ce ke ɗaukar hotunan dabbobin tana nema musu masu riƙo.

Asabar mai zuwa zan je in yi wa Mama sallama. Mai son in gabatar da shi ya same ni a babbar ƙofar makaranta ƙarfe bakwai, ya zo da takalmin roba da kayan canji.