Daga Ƙofar Ran Zuwa Rann

Ran nan da dare na iske ɗan ƙanena a gidanmu da ke bayan kasuwar Wunti, ya duƙufa kan kwamfuta yana tuƙa jirgin yaƙi na wasa. Sunan wasan DCS World, jirgin kuwa F-14 ne na Amurka. Na zauna da nufin yi masa faɗa, sai na ɓuge da kallo.

Abin da ya riƙe ni shi ne waɗansu layuka da ya shimfiɗa a fuskar rada. Ya ce, "Baba, matuƙa sukan tsai da wuri guda tun kafin su tashi. Layukan nan daga can suke bazuwa kamar ƙarafan laima, an yanka su mil-mil." Watau wanda ya hango jirgi sai ya faɗi kusurwarsa da nisansa daga wurin nan, abokansa duka su gane, ko suna ina. Na ce ai haka mutanen Bauchi suke kwatance: daga ƙofar fada, ka doshi Ƙofar Ran.

Sunan nan da na ambata ya kai zuciyata Rann ta Jihar Borno. Ran 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan samanmu ya saki bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira, rayuka masu yawa suka salwanta. Binciken soja ya ce ba a sa alamar sansanin a taswirar aiki ba.

Yaron nan aikin sojan sama yake so. Faɗan ban yi ba. Na jawo kujera, na ce ya sake nuna mini layukan daga farko.