Darasin Ƙaga Labari a Ƙasar Magarya

A tsarin karatun Nijar yaro yakan yi shekara 6 a firamare, ya shiga kolej ya yi 4, daga siziyam zuwa turwaziyam, sannan ya zauna jarrabawar BEPC. A cikin waɗannan shekaru na kolej ne ake miƙa masa jimla ɗaya ko biyu a ce ya gina labari a kansu, aikin da malamai da ɗalibai duka muke kira redaksiyo. Shi na daɗe ina koyarwa a darasin Faransanci, a kolejojin karkara na kudancin Damagaram, tun Dungas tana ƙarƙashin Magarya har bayan 2011 da aka yanke ta ta zama gunduma. Na koyar da nahawu da dikte da karatun littafi, amma yau da na ajiye alli, in na waiwaya, redaksiyo ne ke fara faɗo mini a rai.

Takardun farkon shekara kusan duk iri ɗaya suke. A ce yaro ya ba da labarin wata tafiya da ya yi, sai ya rubuta cewa ya tashi da asuba, ya yi salla, ya sha koko, ya hau mota, ya ga shanu a hanya, ya isa, ya gaida kawunsa, ya ci tuwo, ya kwana, ya dawo. Babu ƙarya a ciki, babu kuma labari. Kamar zangarniyar gero ce da aka yanke aka bari zube a gona: hatsin na nan, amma ba a ɗaure shi dami ba, balle a ɗauka. Littafin koyarwa yana da nasa maganin, wato matakai biyar: yadda al'amura suke tun farko, abin da ya zo ya dagula su, faɗi-tashin da ya biyo baya, yadda aka warware, da yadda aka ƙare. Yara sukan haddace su tsaf, su kawo maka su a jere ba tuntuɓe. Ranar rubutu kuma a koma wa asuba da koko.

Abin da ya hana ni yarda cewa yaran ba su iya ba shi ne abin da kunnena ke ji a wajen aji. Yaron da ya ba ni shafi guda na tashi da kwanciya, shi ne zan iske lokacin hutu a gindin gawo yana ba abokansa labarin yadda wani mai babur ya sha da jarkokin man da ya ɗauko daga Najeriya. Ya san inda zai ja magana da inda zai tsallake, ya san abin da zai ɓoye sai can ƙarshe. Ƴan mata kuwa sukan maimaita fim ɗin Kano tun daga farko har ƙarshe, ba tare da sun rikita wa ya fara yi wa wani laifi ba.

A gidan da na yi haya a wani gari akwai tsohuwa mai yi wa jikoki tatsuniya da dare. Abin da na lura da shi a wurinta shi ne yaran ba sa barin ta ta wuce da giɓi. Tana cikin labarin Gizo sai wani ya ce, "Kaka, ba kin ce kura ta tafi rafi ba? Yaya aka yi ta ji maganar?" Dole ta dawo da baya ta gyara, ta ce ai ƙishirwa ba ta kai ta rafin ba, ta laɓe ne bayan dangar. Wata rana na ce mata, "Inna, yaran nan ba sa ɓata miki labari kuwa?" Ta ce, "Malam, ai su ke riƙe mini shi. In babu mai tambaya sai in yi ta zuba har barci ya kwashe ni." Daga nan na gane abin da ɗalibaina suka rasa. Mai ba da labari da baki yana da masu sauraro da ke tilasta masa kawo dalili. Takarda kuwa ba ta tambaya. Yaro yana zaune shi kaɗai da bik, cikin harshen da ba a yi da shi a gidansu, babu mai ce masa me ya sa.

Sai na shigo da masu tambayar cikin aji. Kafin kowa ya buɗe kaye, wato littafin rubutu, wani zai tashi ya ba da labarinsa da baki, da Hausa, sauran kuma kowa yana da izinin ɗaga hannu ya tsayar da shi. Tambayoyi uku na rubuta a gefen allo ban share su ba har shekara ta ƙare: wa ake ba da labarinsa, me yake so, me ya tare masa hanya. Ta huɗu, wato me ya sa, wannan ta ƴan aji ce, kuma ba sa wasa da ita. Yawancin azuzuwanmu rumfunan zana ne, waɗanda ba a samun karan gina su sai an gama girbi, ga iska ga hayaniyar ajin da ke maƙwabtaka da mu, amma a irin wannan sa'a har mai gyangyaɗi yakan farka, don kowa yana son ya kama ɗan'uwansa da rami a labari.

Jimlar da ake ba yaro ita ma sai da na sake mata tsari. "Ba da labarin hutunka" ba ta haifar da komai, domin babu matsala a cikinta. Na koma ga waɗanda ke ɗauke da damuwarsu tun daga farko, kuma daga ƙasar da yaran suka sani. An ba ka kuɗin ragon gida ka riƙe a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka sa hannu a aljihu ka ji wayam. Akuyarku ta kwana a gonar maƙwabcin da ba ya ga maciji da babanku. Hadari ya tsare ki a fadamar rake ke da ƙanenki, rana ta faɗi. Ɗan Bande ko Waca ya san fadamar Korama da ƙafarsa, ya san kaifin ganyen rake da inda ruwa ke kwanciya. Ɗan Dungas ko Malawa ya san yadda naira da sefa ke zama a aljihu ɗaya, da abin da dillali zai ce, da fuskar da uba zai yi. Wanda ya san wuri ya san dalilan da ke aiki a wurin, shi ya sa abin da ya faru a layi na biyu yake fitowa daga na farko ba tare da an matsa ba. Wani lokaci nakan tura su wurin kakanni su tambayo zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA ke saye kuma Magarya tana cikin manyan masu nomanta, ko farin 1973 da na 1984, ko sarautun Sosebaki na Dungas da Waca da Mirya. Sharaɗi ɗaya ne: kada a kawo mini tarihin gari, a kawo mini mutum ɗaya da abin da ya same shi.

Akwai kuma gwajin almakashi. Nakan rubuta labarai biyu jimla-jimla, in yanka su, in cakuɗa, in ba rukuni su jera. Na tafiya gidan kawu duk yadda aka jera shi yakan zauna, ko an ga shanu kafin tuwo ko bayansa. Na akuya kuwa hanya ɗaya yake da ita, don ba za a kai ƙara wurin mai gari ba sai an ga ɓarna, ba za a ga ɓarna ba sai igiya ta tsinke. Wannan ya fi duk wani bayani da na taɓa yi shiga kansu. Daga baya har su da kansu sukan ce wa juna, "Naka ana iya juya shi."

Ƙarshen labari shi ya fi ba mu wuya. Idan yaro ya jefa jaruminsa cikin rami ya rasa yadda zai fito da shi, hanyoyi uku yake bi: ko jarumin ya farka ya ga ashe mafarki ne, ko wani Alhaji ya tsaya da mota ya biya komai, ko kowa ya mutu. Na kafa doka cewa abin da zai warware labari dole ya kasance an riga an gan shi a shafin farko. In Alhaji ne zai cece ka, to mu gan shi tun da safe, mu ga abin da ya haɗa ku. Wani yaro ya ce, "Mushe, ai a duniya abu yakan zo ba zato." Na ce, "Gaskiya ne ɗana, amma mai karatu bai ba ka lokacinsa don ka nuna masa abin da ya faɗo daga sama ba. So yake ya ga yadda aka yi." Ya koma ya sa jaruminsa ya taimaki wani tsoho ɗaukar kaya a bakin kasuwa, sannan tsohon ya zama shi ne ya ga wanda ya zare kuɗin.

Takardar da ba na mantawa ta wata yarinya ce ƴar katiriyam, wato aji na uku a kolej. A watan Oktoba na 2013 aka gano gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su, kuma da yawa daga cikinsu mutanen yankin Kance ne, maƙwabtanmu. Babu gidan da ba a yi zancen ba. Jimlar da na bayar a lokacin ita ce: wani na gida yana shirin tafiya, kai kuma ba ka so. Yarinyar ba ta rubuta hamada ba sam. Ta rubuta dare ɗaya kafin tafiyar wata gwaggo: yadda mai ba da labarin ta ɓoye takalman gwaggon a cikin rumbu don kada ta tafi, yadda aka yi ta nema da fitila, yadda gwaggon ta gane ko wace ce ta ɓoye amma ba ta faɗa ba, ta ari na kishiyarta ta fita da asuba. Dalilin tafiyar yana nan tun layi na uku: rumbun da aka ɓoye takalman a ciki babu hatsi a cikinsa. Faransancinta cike yake da kurakurai. Na karanta wa aji, kuma ba a samu wanda ya ɗaga hannu ya tsayar da ni ba.

Irin wannan takarda ce ta sa na raba maki gida biyu. A kan 20 muke ba da maki, kuma in aka bi kuskuren rubutu kaɗai, yaro mai labari mai kyau zai tashi da 4 ko 5, ya ɗauka ba shi da abin faɗi. Sai na riƙa rubuta maki biyu, ɗaya na ginin labari, ɗaya na harshe, sannan in haɗa. Sassan nahawun da ke ba su tsoro, musamman bambancin lokutan aikatau biyu da Faransanci ke ba da labari da su, sun fi saurin zama bayan yaro ya san wane abu ne ke gudana a labarinsa, wane ne kuma ya auku farat ɗaya.

Wasu abokan aiki ba su so shigar Hausa darasin Faransanci ba. Hujjarsu tana da ƙarfi: jarrabawa da Faransanci ake yi, kuma aji ne kaɗai wurin da yaran ke jin harshen. Ban raina wannan ba, shi ya sa kashi ɗaya cikin huɗu na sa'a kawai nake ba harshen gida, sauran duk na rubutu ne. Amma ban yarda cewa yaro zai iya ɗaukar kaya biyu lokaci guda ba, ƙirƙirar labari da neman kalmomin baƙon harshe. Kuma ba sabon abu na kawo ba. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da Hausa a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a makaranta, a watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A kolejojin da na sani dai, rashin littafi ya fi kowace doka tasiri. Yaro zai kai turwaziyam bai taɓa karanta ƙagaggen labari guda daga bango zuwa bango ba. Nakan karanta musu wani yanki na Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, ko Ruwan Bagaja da na sayo a Kano, in tsaya a tsakiya in ce su faɗi abin da zai biyo baya da dalilinsa.

Ruwan Bagaja ma amsar kira ne irin wanda muke yi wa yara. A 1933 Rupert East na ofishin fassara da ke Zariya ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka yi gasa, aka samu shi da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina, wato yara sa'o'in ɗalibaina yake tsayawa a gabansu. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ita ma ta fito da mata marubuta da ba a san da su ba. Irin wannan nake so in gani tsakanin kolejojin Magarya da Dungas: jimla ɗaya a farkon zango na biyu, kowace makaranta ta tace labarai uku, da Hausa ko da Faransanci, a karanta waɗanda suka yi fice a rediyon gari, a faɗi sunan yaro da na ƙauyensu. Abin da zai ci bai wuce takarda da bik da ƴan littattafan kyauta ba, kuma akwai tsoffin malamai da yawa a garuruwan nan da za su zauna su duba takardun ba tare da an biya su ba. Ni ma ina cikinsu.