Na je Bamako, na ga inda ake koyon haɗa madubin ido



A makarantar yaƙi da jahilci ta ƙauyenmu akwai wani dattijo, ya fi kowa ƙwazo. Abin da aka rubuta a allo duk yana karantawa. Amma in an ba shi jarida, sai ya miƙa ta nesa, ya ce baƙaƙen sun haɗe. Daga baya ya daina zuwa. Ya ce wai kansa ya tsufa.

Da wannan damuwa na tafi Bamako, babban birnin ƙasar Mali. Ɗan ƙanwata yana can yana koyon haɗa madubin ido, wato tabarau.

Daga Maraɗi muka bi Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, muka kwana Yamai. Daga nan muka ratsa Burkina Faso ta Wagadugu da Bobo, muka shiga Mali ta Sikaso. Tafiya ce mai nisa, sai da guzuri da haƙuri.

Bamako tana bakin kogi, duwatsu sun yi mata inuwa ta arewa. Kogin kuwa namu ne, kogin Isa. Daga Gine ya taso, ya bi Bamako, ya kusanci Tumbutu, ya bi Gawo, kana ya iso Yamai. A kasuwa bambaranci ake yi.

A tsakiyar gari akwai babban asibitin ido, ana ce masa IOTA. An buɗe shi a 1953, tun zamanin turawa. Ba magani kaɗai ake yi ba, makaranta ce. Likitocin ido da ma'aikatan ido na ƙasashen Afirka masu faransanci suna zuwa koyo, har da ƴan Nijar. Tun da asuba mutane sun yi layi. Wani da sanda, wani jikansa ke ja masa gora.

Yaron ya ce mini: "Kawu, aikin nan daga awo yake farawa." Ana zaunar da mutum nesa da wani allo, kamar mita 5. Wanda bai yi karatu ba, ba a bar shi baya ba. Akwai alama mai ƙafa uku, sai ka nuna da hannu inda ƙafafun suka dosa: sama, ƙasa, dama ko hagu. Sa'an nan a ɗora maka wani madubi na gwaji, ana sa gilashi ana cirewa, har ka ce: "Yawwa, wannan!" Kowane ido da lambarsa. Sau da yawa na dama daban, na hagu daban.

Daga nan sai ɗakin haɗawa. Gilashi yakan zo a kewaye, kamar faifai ƙarami. Ana auna tsakanin ƙwayar ido biyu, ga babba ya kai santimita 6 ko ya ɗara kaɗan. Sai a sa ɗigo a tsakiyar gilashin. Dole ɗigon ya faɗa daidai ƙwayar ido. In ya kauce, mai madubi zai sha ciwon kai. Bayan haka a goga bakin gilashin a dutsen niƙa na inji, ruwa yana zuba a kai, har ya shiga mazauninsa. A ƙarshe a ɗumama hannuwan madubin, a lanƙwasa su daidai kunnen mai shi.

Ya nuna mini gilashi iri biyu. Mai kauri a tsakiya shi ke taimakon mai wahalar ganin kusa. Mai kauri a baki na wanda ba ya ganin nesa ne. Ya ce: "Watan farko na ɓata gilashi da dama. Abin da ka goge ba ya komowa. Aikin yana son lissafi, da hannu mai sanyi."

Na ba shi labarin dattijonmu. Ya ce: "Kawu, ai ba kansa ba ne, idonsa ne. Cikin ido akwai wata ƙwaya garau. Ga yaro tana da taushi. In mutum ya wuce shekara 40 sai ta fara tauri, kamar fatar da ta bushe. Ganin kusa ya ragu. Ba cuta ba ce, ba sammu ba ne. Madubin karatu ke gyara shi, daga lamba 1 har zuwa lamba 3, gwargwadon shekaru."

Ku duba gidajenmu. Tsohuwa ta kasa zura zare a allura. Makiyayi ya kasa ganin ƙaya a kofaton akuya. Manomi ya kasa karanta takardar maganin ƙwari. Da yawansu madubi kaɗai suke bukata.

Amma ku riƙe wannan. Madubi ba ya maganin yanar ido, wannan sai aikin likita. Ba ya maganin amodari. Akwai kuma ciwon da ke cin gani a ɓoye, ba zafi. Don haka a fara zuwa asibiti a duba ido, kafin a sayi madubi a kasuwa. Kada ka ari na maƙwabcinka. Kada a sayo wa yaro madubi ba awo.

Da na komo gida, na kai dattijon asibiti. An duba shi, an ba shi lamba 2. Ya koma makaranta. Yanzu shi ke karanta wa jama'a wasiƙa a ƙofar maigari.

Iyaye, ku bar yaranku, maza da mata, su yi nisa a lakwal. Karkara tana bukatar masu wannan sana'a.

Allah ya bar mu da idanunmu, amin.