Kan Babi Da Lambarsa

'Yan'uwa ɗalibai, musamman ku 'yan ajin ƙarshe da ke fama da rubutun kundi, ina da 'yar magana da ku. Cikin kundayen da a ke kawo mini in duba, abin da ya fi shan jan birona shi ne kawunan babi da lambobinsu. Sai ka ga kan babi na ɗaya da manyan baƙaƙe a tsakiya, na uku kuwa ya zame gefen hagu. Ka karanta 2.3, ka juya shafi ka tarar da 2.5, ka nemi 2.4 sama da ƙasa, babu shi. Jerin abubuwan da ke ciki ya ce maka kammalawa ta na shafi na 48, ka je can ka iske zance dabam. Kowace gyara kuwa kuɗi ne, gama mai shagon buga takardu ba ya sake buga shafi kyauta.

Mu da mu ka ga zamanin keken rubutu mun san uzurin akawu. In zai sa kai a tsakiya, sai ya kawo keken tsakiyar takarda, ya riƙa ja da baya taki ɗaya a kan kowane baƙi biyu. In kuwa marubuci ya cusa sabon sashe a tsakiyar babi, to, lambobin da ke biye duk sun tashi, sai sabon bugu. Ga shi Microsoft Word ya fito tun 1983, amma har yau da yawanmu keken nan mu ke tuƙawa, allo kawai mu ka ƙara masa.

Ga inda gizo ke saƙa. Kwamfuta ba ta da ido. Ko ka kumbura baƙaƙe, ka yi musu kauri, ka ja su tsakiya, ita a wurinta layi ne kamar sauran. Abin kamar sarauta ya ke: ko mutum ya sha babbar riga, in ba a naɗa shi ba, fada ba ta san da zamansa ba. Naɗin kuwa shi ne salon kai, wanda ke rubuce a allon da sunan Heading 1. Ka ɗora alama a kan layin, ka danna Ctrl da Alt da 1 gaba ɗaya, shi ke nan ya zama kan babi. Ƙaramin kai kuma Ctrl da Alt da 2. Matakan har tara ne, ko da ya ke ban taɓa ganin kundin da ya bukaci fiye da uku ba.

Sa'an nan sai ka gyara salon sau ɗaya tak: girman baƙi, zama a tsakiya, da umurnin kowane babi ya fara a sabon shafi. Duk kawunan za su bi. Wannan ya raba ka da danna Enter sau goma sha don tura babi gaba, abin da kan wargaje da zarar an ƙara layi ɗaya a sama. Lamba ma kada ka buga ta da hannu. Akwai jerin lambobi mai hawa-hawa da a ke ɗaura wa salon kai, watau babi ya ɗauki 2, 'ya'yansa su ɗauki 2.1 da 2.2. In malaminka ya ce ka ƙara sashe a tsakani, na ƙasa su kan matsa da kansu. Jerin abubuwan da ke ciki shi ma na'urar ke tsamo shi daga kawunan nan, in shafi ya motsa ka danna cikinsa, ka buga F9. Mai amfani da LibreOffice Writer, wanda kyauta a ke samunsa, zai tarar da irin wannan tsari.

Saura wata matsala tamu ta masu rubutu da Hausa. Mun gaji rubuta BABI NA ƊAYA da kalmomi, kuma na san abokan aikina da ba su yarda da wani abu ba sai wannan. Ni dai ra'ayina a bar yara su rubuta Babi Na 1. Na'urar ta na iya ajiye "Babi Na" a gaban lambar, ta ci gaba da ƙirga da kanta, kuma daga wannan lambar 1.1 ke samo tushensa. Ban ga abin da Hausa ta rasa ba, tun da a baki "ɗaya" za a karanta. Amma fa wanda malaminsa ya tsaya a kan kalmomi, lalle ya bi malaminsa. Ya dai duba babban Ɗ da Ƙ da Ɓ da kyau, domin wani zubin baƙaƙe ba shi da su, sai ka ga ƙugiyar ta fito da wata kama dabam a tsakiyar kai, ko kuwa ɗan akwati ya zauna a gurbinta.

Wanda kuma ba shi da kwamfuta, sai ya kai aikinsa shago a gari, to, kafin ya biya ya roƙi mai bugun ya danna F9 a kan jerin abubuwan da ke ciki, ya na tsaye ya na kallo. In na'urar ta tambayi ko lambobin shafi kaɗai za ta sabunta ko jerin duka, an yi aikin a kan hanya. In ba ta ce uffan ba, da hannu a ka jera ɗige-ɗigen nan, ya ce a sake.