Leƙa Cikin Inji Ba Tare da Kwance Noti Ba

Cikin duk zanen injina da nake yi a kwamfuta, wanda ya fi sa ni tsayawa in yi tunani shi ne wanda nake kira yankan taga. Za ka zana inji a haɗe kamar yadda yake a zahiri, sannan ka ɓantare wani ɗan yanki na jikinsa a cikin zanen, yadda mai kallo zai leƙa ya ga abin da ke ciki, sauran jikin kuwa yana nan a rufe. Masu sayar da kankana sun san wannan dabara. Ba sa raba ta biyu don su nuna maka ta nuna. Ɗan yanki suke cirewa, ka ga jan cikin, kankanar kuma tana nan ɗungurungum.

Waɗanda ke ɗaukar darasin zanen fasaha a makaranta sun san hanyoyi biyu na nuna abin da ido ba ya gani. Ta farko ita ce layukan tsinke-tsinke, masu nuna rami ko gefen da ke ɓoye. Suna aiki sosai idan ƙarfe guda ne. Amma idan sassa goma sha biyar ne a haɗe, wani a cikin wani, sai layukan su cakuɗe kamar zaren da kaza ta bi ta kai. Hanya ta biyu ita ce a raba injin gida biyu daga sama har ƙasa. Wannan tana nuna ciki duka, sai dai siffar waje ta tafi, kuma da ita ce makanike ke gane inda yake. Yankan taga yana tsakanin biyun.

Bari in yi misali da injin ban ruwa, irin wanda manoman rani ke ɗorawa a bakin kogi ko rijiyar fadama. A cikin gidan famfonsa akwai farfela, tana ɗaure a kan sandar ƙarfen da injin ke juyawa. A bayan farfelar akwai abin da makanikai ke kira sil. Zobba biyu ne masu santsin fuska, ɗaya na kabon, ɗaya na tangaran. Ɗaya yana juyawa tare da sandar, ɗaya yana tsaye, sifirin kuma yana danna su su manne da juna. Su ne ke hana ruwa bin sandar ya fita, su kuma hana iska shiga. Idan aka juya zobe ɗaya baibai, ko aka manta da zoben robar da ke bayansa, famfon zai riƙa yoyo ko ya ƙi jan ruwa. Ga manomin tumatir a tsakiyar rani, kwana biyu ba ruwa asara ce da zai daɗe yana jin ta a aljihu. Zanen da zai amfani mai gyaran wannan famfo shi ne wanda ya buɗe taga daidai kan sil ɗin, ya bar bakin shan ruwa da bakin fitarsa da notunan gidan kamar yadda ake ganinsu daga waje.

Manhajojin zanen injiniya, waɗanda ake kira CAD, sun sauƙaƙa aikin ƙwarai. AutoCAD ta fito a 1982, SolidWorks kuma a 1995, akwai kuma FreeCAD da kowa zai iya saukewa kyauta. A SolidWorks ko Inventor, da farko kana gina kowane sashe daban, ka haɗa su, sannan ka ɗora hoton haɗaɗɗen injin a kan takardar zane. Daga nan sai ka zagaye wurin da kake son buɗewa da layi mai lanƙwasa. Dole bakin layin ya koma ya haɗu da mafarinsa, in ba haka ba manhajar ba za ta yanka ba. Sai ta tambaye ka zurfin yankan. A ƙarshe ka zaɓi sassan da wuƙar za ta ratsa da waɗanda za ta tsallake.

Tambayar zurfi ita ce ta fi kama sababbin masu koyo. Kana iya rubuta adadin milimita, amma na fi son in danna da'irar sandar, domin manhajar ta kai yankan daidai tsakiyarta. Idan yankan ya tsaya kafin tsakiya, kaurin zobba da faɗin ramuka za su fito ba kamar yadda suke ba, kuma duk wanda ya auna daga wannan zanen ya auna ƙarya. Kwamfuta ba za ta gargaɗe ka ba. Lambar da ka ba ta, ita za ta bi.

Akwai kuma ƙa'idojin da masu zane suka yi ittifaƙi a kansu tun kafin a ƙera kwamfuta. Duk fuskar da wuƙa ta taɓa ana cika ta da siraran layuka masu karkata, galibi a kusurwar digiri 45. Idan sassa biyu suna maƙwabtaka, sai a juya karkatar ɗaya, ko a canza tazarar layukansa, don a ga inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Sashe guda yana riƙe irin layukansa a duk inda ya bayyana a takardar. Abu siriri sosai, kamar fakin da ake sawa tsakanin murfi da gida, ana cike shi da baƙi. Sandar ƙarfe, da noti, da kusarsa, da ƙwayoyin boris kuwa, ba a yanka su a tsawonsu, ko da wuƙar ta bi ta tsakiyarsu. Dalilin mai sauƙi ne: babu komai a cikinsu da za a gani, kuma an fi saurin gane su idan an bar su lafiya. Iyakar tagar ita kanta ana zana ta da siririn layi mai ɗan kaɗawa, kuma ba a bari ya hau kan ainihin gefen wani sashe, don kada mai karatu ya ɗauka gefen ƙarfe ne.

Kafin in taɓa kwamfuta, nakan tambayi kaina wa zai riƙe wannan takardar, kuma me yake nema a cikinta. Mai haɗa famfo yana son ganin jerin sassan, wanne ne gaba, wanne ne baya. Mai sassaƙa ƙarfe a inji yana son zurfin ramin da sil zai zauna. Mai saye yana son ya ga yadda ruwa ke shiga ya fita. Inji ɗaya ne, amma kowannensu tagarsa daban. Na taɓa miƙa wa wani dattijon makanike irin wannan zane. Bai yi boko mai nisa ba, amma ya ɗora yatsa kan tagar, ya bi zobban ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Yaro, wasar nan da ke bayan farfela, ka rubuta kaurinta, don ita ce ke hana farfelar gogar gida." Gani ya kori ji. Abin da ya shekara talatin yana sani da hannu, ya gan shi a takarda, har ya faɗi abin da zai ƙara wa zanen amfani.

Sha'awar nuna cikin inji tsohuwa ce. A shekarar 1206, injiniya Al-Jazari, wanda ya yi aiki a Diyarbakir da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa na na'urori hamsin, ciki har da na ɗaga ruwa. Zanensa suna nuna tankuna da bututu da ƙafafun haƙora da ke ɓoye a cikin na'urorin, domin wani ya iya ƙera irinsu bayansa. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne sauri, da damar gyara zane ba tare da an sake shi daga farko ba.

Don haka rashin kwamfuta a makarantarku ba zai hana ku farawa ba. Ku nemi tsohon kan famfo, ko biro mai dannawa, ko cibiyar tayar keke. Ku kwance, ku jera sassan a kan takarda bisa tsarin da suka fito, ku mayar, sannan ku zana abin a haɗe da fensir. Ku zaɓi wuri ɗaya tak da za ku buɗe, ku juya karkatar layuka tsakanin maƙwabta, ku bar sanda da noti ba yanka. Sai ku ba abokin da bai ga cikin abin ba, ku ce ya faɗa muku yadda sassan suke jere. Idan ya faɗa daidai, tagarku tana inda ya kamata. Idan ya rikice, ku tambaye shi a ina ya ɓace, ku sake zanawa.