Kwana Huɗu a Unguwar Sabo ta Ibadan

Duk wanda taron ilimi ya taɓa kai shi Ibadan, wadda kakanninmu ke kira Badun, ya san wuraren da ake zagayawa da baƙo. Za a nuna masa Cocoa House, dogon benen da aka gina da arzikin koko a 1965, a hau da shi tudun Mapo ya ga babban zauren taro na 1929, sannan a mayar da shi harabar jami'ar da aka kafa a 1948. Ba na raina ko ɗaya daga cikinsu. Sai dai ban taɓa ganin an saka Sabo a cikin jerin ba, alhali tana nan tsakiyar gari, dab da Mokola. Mu ma 'yan bokon Arewa, idan ka gan mu a Sabo, to canjin dala ne ko tsire ya kai mu, kuma kafin isha'i mun koma otal.

A zuwana na bara, can na sauka har kwana huɗu. Wani dattijo a garinmu Babban Duhu, ta ƙasar Safana, wanda ya yi fataucin shanu zuwa kurmi a ƙuruciyarsa, shi ya haɗa ni da ɗan tsohon maigidansa. Ba a nemi katin shaidata ba. Sunan wanda ya aiko ni kawai aka tambaya, aka buɗe mini ɗaki kusa da zaure, da katifa da darduma da buta. Da na tayar da zancen kuɗi, sai mai masaukin nawa ya ce, "Haba Malam, ai baƙon Alhaji ba ya biyan kuɗin ɗaki a gidan nan."

Wannan karamci yana da asali. An kafa Sabo ne a 1916, lokacin da aka keɓe wa Hausawan Ibadan wurin zama nasu. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a farkon shekarun 1960, ya fayyace yadda take gudana a littafinsa na 1969. Saniyar Arewa ba ta jure wa ƙudan tsando na kurmi, don haka tilas a sayar da ita cikin 'yan kwanaki, mahautan gari kuwa bashi suke ɗauka. Goron da za a kai Arewa shi ma ba ya jiran mai nawa. Bafatake ba shi da banki, ba shi da lokacin zaman kotu. Abin da yake da shi maigida ne, wanda zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalai, kuma idan mahauci ya ci bashi shi zai ɗauki asarar. Maigidan da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa Kano, ba kuma zai sake ganin baƙo ba. Ɗakin da na kwana a ciki ragowar wancan tsari ne.

Da asuba na riƙa fita yawo a ƙafa. Ga mai koko da ƙosai, ga ƙarar makarantar allo, ga yaran da ke fara magana da Hausa su ƙarasa ta da Yarbanci ba tare da sun lura ba. Akwai dattawan da a nan aka haifi iyayensu, Katsina kuwa sai dai a labari. Ba zan yi wa unguwar kwalliyar da ba ta da ita ba: akwai cunkoso, kwatoci sun toshe, rufin kwano ya yi tsatsa, fankar ɗakina kuma ta fi yawan hutawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a teburin mai shayi na same shi. Ina zaune sai na ji harshen gida, irin Katsinancin da ba ya ɓuya. Samari ne daga Batsari da Runka da ƙauyukan Safana, masu acaɓa da dako da jari-bola da gadi. Ba kwaɗayin birni ya kawo su ba. Ɗaya daga cikinsu, da ya ji daga inda nake, ya gyara zama ya ce, "Kawu, gonarmu tana nan bakin dajin Rugu, damina uku ke nan ba wanda ya sa mata fartanya." Baƙon da aka gina Sabo dominsa da garke yake zuwa, da sunan wanda ya aiko shi. Na yau a saman tirela yake isowa, 'yan bindiga sun kore shanun, wanda zai aiko shi ma yana gudun hijira. Yakan kwana a barandar masallaci ko gaban shago, kuma ranar da ya yi haɗari ko aka kama shi, babu mai tsaya masa. Mai masaukina ya ce da ni, "Malam, da mun san uban kowane baƙo. Yanzu sai dai mu ga sababbin fuskoki a sahun asuba."

Haɗarin wannan ba na baƙon kaɗai ba ne. A watan Fabrairun 2021, 'yar hatsaniya a kasuwar Sasa da ke arewacin Ibadan ta rikiɗe ta zama faɗan ƙabilanci, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje, har sai da tawagar gwamnonin Arewa ta je ta gana da Gwamna Seyi Makinde. Gwamnoni sun zo sun tafi. Masu kashe irin wannan wuta tun tana ƙarama su ne dattawan da suka san kowa a ɓangarorin biyu, ga shi kuwa an jibga musu jama'ar da ba su sani ba. A zauren taronmu, tafiyar 'yan mintoci daga nan, an gabatar da maƙalu kan ƙaura da rashin tsaro, wasunsu masu kyau ƙwarai. Ina ganin da masu maƙalun sun kwana biyu a Sabo, da tambayoyinsu sun canza. Ɗalibin da bautar ƙasa ta kai Ibadan, ko Agege a Legas, ya nemi gidan da zai gaida dattawa, ya kuma tambayi inda yaran ƙauyensu suke kwana.

Ranar da zan taso, saurayin nan ya kawo mini 'yan kuɗi a ƙulle cikin leda, da goro, in kai wa mahaifiyarsa a Dutsinma inda take zaune wurin dangi. Na kai mata. Ta karɓa ba ta ƙirga ba, ta sa masa albarka, sannan ta ce, "Malam, a gidan wa yake kwana?" Ba ni da sunan da zan faɗa mata.